Yadda ake auna tsufan ganyen alkama da raguwar aikinsa na haɗa abinci

Duk wanda ya saba shiga gonar alkama bayan ta fitar da kai ya san yadda launinta ke juyawa: yau kore shar, gobe ganyen ƙasa sun fara fatsi-fatsi, har ranar da za ka ɗaga kai ka ga gona ta koma ruwan zinare. Ido yana ganin wannan, sai dai a makare yake gani. Tun kafin rawaya ta bayyana, ganye ya riga ya fara rushe kayan aikinsa na ciki, yana kwashe naitirojin yana aika wa ƙwaya. Mai son sanin ranar da tsufa ya fara, da saurinsa, da yawan abincin da ganye ke iya haɗawa a kowane mataki, sai ya auna ganye ɗaya sau da yawa, kuma da hanya fiye da ɗaya.

Tsufan ganye tsari ne da shuka ke bi da gangan. Mafi yawan naitirojin da ke cikin ganye yana zaune ne a ɗakunan kulorofil, wato sinadarin da ke ba ganye launin kore, inda ake haɗa abinci da hasken rana, kuma furotin guda mai suna Rubisko, wanda ke kama iskar kabon, shi kaɗai yana riƙe da kaso mai tsoka. Idan ƙwaya ta fara cika, shuka kan farfasa waɗannan ta kai su zangarniya. Ganye ya yi saurin tsufa, ƙwaya ta rasa sitaci ta yanƙwane. Ya yi jinkiri da yawa, furotin ya maƙale a kara da ganye. Tsakanin waɗannan biyun mai awo yake aiki.

Zaɓen ganye da ɗaura masa alama

Ganyen da ake bi shi ne ganyen tuta, wato na ƙarshe a saman kara, dab da zangarniya. Shi ya fi samun rana, shi ya fi jimawa da rai, kuma shi ya fi kowane ganye ciyar da ƙwaya. Idan kana da hannu da lokaci ka haɗa da na ƙasa da shi, domin tsufa daga ƙasa yake hawa, kuma wannan ganye na biyu kan ba da labari da wuri.

Ranar da za ka fara lissafi ita ce ranar fure. Ka sunkuya ka duba zangarniya da safe: za ka ga 'yan ƙananan abubuwa rawaya suna reto daga tsakiyarta, kamar an rataya musu zare, kafin na sama da na ƙasa su biyo baya. A ma'aunin matakan girman hatsi da Zadoks da abokan aikinsa suka fitar a 1974, wanda ke tafiya daga 00 zuwa 99, tsakiyar fure shi ne mataki na 65. A ranar nan ka zaɓi kara 10 a kowane fegi, dukkansu uwayen kara ba 'ya'ya ba, dukkansu sun yi fure rana ɗaya, ka ɗaura wa kowanne zare mai launi a ƙasan zangarniya, ka ba shi lamba. Kada zaren ya matse kara. Ka guji layukan gefe, domin shukar gefe tana samun rana da iska fiye da ta tsakiya, tsufanta ma daban ne. Kowane iri ko kowane gwaji ya samu fegi 3 ko 4 a wurare daban-daban na gonar.

A ganina wannan ɗaurin zare shi ne rabin aikin. Wanda ya tsallake shi, ya riƙa kama duk ganyen da hannunsa ya kai, zai tara lambobi masu hawa da sauka ba dalili, domin a fegi ɗaya ana samun karan da ya girmi ɗan'uwansa da kwana 4 ko 5. A ƙarshe bambancin ranar fure zai auna, yana zaton bambancin tsufa ne.

Ka ɗaura wa wasu kara na daban alama mai wani launi, waɗanda za ka riƙa yanka don aikin ɗakin gwaji. Waɗancan 10 na farko ba a taɓa su da almakashi sai ranar girbi.

Ƙirga zafi maimakon kwana

Alkama ba ta san kalanda ba, zafi take ƙirgawa. Kwana 10 na sanyi da kwana 10 na zafi ba tafiya ɗaya suke ba. Don haka ka ajiye ma'aunin zafi a gonar, a inuwa, ka riƙa rubuta mafi girman zafin kowace rana da mafi ƙanƙantarsa. Ka haɗa su ka raba biyu. Misali, rana ta kai digiri 28, dare ya sauka zuwa 12, jimilla 40, rabinta 20. Ga alkama yawanci daga digiri 0 ake fara ƙirge, saboda haka wannan rana ta ba da maki 20. Ka yi ta tarawa daga ranar fure. Da wannan tarin zafi za ka iya kwatanta bana da bara, ko shukar wuri da ta makara.

Ka sa alama ta musamman a ranakun da zafi ya yi tsanani. Binciken da David Lobell da abokan aikinsa suka buga a 2012, da hotunan tauraron ɗan'adam na gonakin arewacin Indiya, ya nuna cewa zafin da ya haura digiri 34 yana gaggauta tsufan alkama fiye da yadda matsakaicin zafi zai sa a yi zato.

Awo kuwa, sau 2 a mako ya wadatar da farko. Da zarar lambobi sun fara gangarowa, ka koma duk kwana 2, domin ƙarshen tsufa gudu yake yi, ganyen da ka bari da rabin kore ranar Litinin kana iya tarar da shi ya bushe ranar Juma'a.

Awon ido

Wannan ba ya buƙatar komai sai takarda da alƙalami. Ka dubi kowane ganye mai alama ka ba shi maki daga 0 zuwa 10: 0 kore ne gaba ɗaya, 5 rabi ya tafi, 10 ya bushe ƙurmus. Irin wannan ma'auni ake amfani da shi a cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT da ke Meziko. Tsufa daga bakin ganye yake farawa ya gangaro gindi, don haka ruler ma tana taimakawa: ka auna tsawon ganye, ka auna tsawon ɓangaren da ya rage kore. Mutum ɗaya ya yi ta ba da makin daga farko har ƙarshe, kuma ya juya wa rana baya.

Awon kore da na'urar SPAD

Na'urar hannu ce ƙarama, wadda aka fi sani ita ce SPAD-502 ta kamfanin Konica Minolta. Tana da baki kamar na awartaki. Idan ka matse ganye a ciki, takan harba haske iri biyu ta cikinsa: ja mai tsawon zango nanomita 650, wanda kulorofil ke shanyewa, da wani da ido ba ya gani mai nanomita 940, wanda ke wucewa kusan salin-alin. Daga bambancin biyun take fitar da lamba. Lambar ba ta da ma'auni kamar giram ko mita, kwatance ce kawai. Lafiyayyen ganyen tuta da ya ƙoshi da taki yakan ba da wajen 45 zuwa 55.

Ga yadda ake yi. Ka kunna ta, ka matse bakinta ba ganye a ciki don ta daidaita kanta. Ka jira raɓa ta bushe, ka share ƙura da garin fure daga ganyen da tattausan ƙyalle. Ka auna wuri 3: kusa da gindi, tsakiya, da kusa da baki, kana kauce wa jijiyar tsakiya, domin tagar na'urar 'yar mitsitsiya ce, milimita 2 da 3 kacal, jijiya kaɗai tana iya cika ta. Ka tsaya yadda inuwarka za ta rufe na'urar. Ka riƙa zuwa a lokaci ɗaya na yini, domin ɗakunan kulorofil kan gusa a cikin ganye gwargwadon ƙarfin rana, hakan kuma yana ɗan taɓa lambar.

Na'urar tana iya fitar maka da matsakaicin ukun, amma shawarata ka rubuta kowanne daban. Akwai ranar da baki zai ba ka 15, tsakiya 38, gindi 48. Matsakaicinsu wajen 34 ne, lambar da babu wani wuri a ganyen da ke da ita, kuma ta ɓoye maka ainihin abin da ke faruwa, wato tsufa ya ci sulusin ganye yana tahowa. Idan ɓangare ya bushe har na'ura ta ƙi karantawa, ka rubuta 0. Kada ka gusa zuwa inda ya rage kore don ka samu lamba mai kyau. Wannan kuskure ya yi yawa, kuma shi ke sa ganyen da ya kusa mutuwa ya fito a takarda kamar saurayi.

Tabbatarwa a ɗakin gwaji

Dangantakar lambar SPAD da ainihin yawan kulorofil ba miƙaƙƙen layi ba ce, kuma takan bambanta daga iri zuwa iri, saboda kaurin ganye. Don haka sau ɗaya a kaka ka yanko ganye 20 zuwa 30 daga karan da ka ware, daga kore shar har rawaya. Ka auna kowanne da na'ura, ka yanke daidai wurin, ka san faɗinsa da nauyinsa, ka sa shi cikin sanyi da duhu nan take. Ka niƙa a ƙaramin turmin gwaji da asiton, ruwan sinadarin da ke narkar da kulorofil, mai ƙarfin kashi 80 cikin 100, ka tace ko ka juya shi a na'ura har ruwan ya yi garau, sannan ka karanta shan haskensa da na'urar auna shan haske a nanomita 663 da 645.

Lissafin masanin tsirrai Arnon na 1949 tsohon lissafi ne da har yau ake amfani da shi: jimillar kulorofil, a miligiram cikin lita, ita ce 20.2 sau karatun 645, a tara da 8.02 sau karatun 663. Lichtenthaler a 1987 da Porra a 1989 sun kawo lissafin da ya fi daidai. Kowanne ka ɗauka ka tsaya a kansa, ka rubuta sunansa a littafinka. Asiton yana kama wuta, ka yi aiki inda iska ke shiga, nesa da harshen wuta.

Awon numfashin ganye

Duk abin da ya gabata launi yake aunawa. Aikin kansa, wato yawan iskar kabon da ganye ke sha a daƙiƙa, sai da na'urar musayar iska, irin su LI-6400 da LI-6800 na kamfanin LI-COR ko CIRAS ta PP Systems. Ana rufe wani ɓangare na ganye a ƙaramin ɗaki, a tura iska ta ciki, na'ura ta kwatanta kabon da tururin ruwan da suka shiga da waɗanda suka fito.

Ka kunna ta tun da wuri ta ɗumama, ka duba sinadaran da ke tsotse kabon da laima ko sun gaji, ka rufe ɗakin ba ganye ka hura numfashi a gefen bakinsa. Idan lambar kabon ta yi tsalle, akwai yoyo, ka gyara robar. Sannan ka kafa yanayi guda wanda ba za ka sauya ba har ƙarshen kaka: haske maikuromol 1500, kabon 400 ko 420 cikin miliyan, zafin ganye wajen digiri 25, laimar iska kashi 50 zuwa 70. Lokacin awo daga hantsi ne zuwa kafin rana ta take, wajen ƙarfe 9 zuwa 12, domin da azahar ƙofofin numfashin ganye kan tsuke ko da ganyen lafiyayye ne. Ka matse tsakiyar ganye, ka jira minti 2 zuwa 5 har lambobi su natsu, ka daidaita ma'aunan na'urar biyu, na iskar da ke shiga da na wadda ke fita, sannan ka ɗauka. Ka kau da fuska, kada numfashinka ya shiga.

Akwai tarkon da ganyen alkama ke ɗana wa sabon hannu. Tagar ɗakin da aka fi amfani da shi santimita 2 ce da 3, wato murabba'i 6, ganyen alkama kuwa siriri ne, sau da yawa ba ya cika ta. A ce faɗinsa santimita 1.5 ne, ya kwanta a tsawon santimita 3, abin da ke cikin ɗaki murabba'i 4.5 ne. Idan ba ka gaya wa na'ura ba, za ta raba da 6, ta rage maka rubu'in aikin ganyen. Ganye mai tsufa kuma yana nannaɗewa yana ƙanƙancewa, sai kuskuren ya riƙa girma mako bayan mako, ya yi kama da raguwar aiki. Ka auna faɗi da ruler kowane zuwa.

Lamba uku za ka sa wa ido. Ta farko yawan shan kabon, wanda a ganyen tuta mai lafiya lokacin fure yakan kai maikuromol 20 zuwa 30 a murabba'in mita a daƙiƙa. Ta biyu buɗewar ƙofofin numfashi. Ta uku yawan kabon da ke cikin ganye. Karanta su tare shi ne gwanintar. Idan shan kabon ya ragu, ƙofofi sun tsuke, kabon na ciki ma ya ragu, to injin haɗa abincin ganyen lafiyarsa ƙalau, kaya ne ba sa isa gare shi. Ƙishirwa ce ko bushewar iska, kuma ban ruwa yana iya dawo da shi. Idan kuwa shan kabon ya ragu amma kabon na ciki ya tsaya ko ya ƙaru, kaya na nan jibge babu mai sarrafawa, Rubisko ya fara tafiya. Wannan shi ne tsufa na gaskiya, kuma sau da yawa za ka gan shi kwanaki kafin lambar SPAD ta motsa sosai.

Awon ƙyallin kulorofil

Kulorofil yana mayar da ɗan kaɗan daga hasken da ya sha a matsayin wani jan ƙyalli, kuma daga wannan ake gane lafiyar sashen da ke kama haske. Ka maƙala wa ganye abin rufe haske na minti 20 zuwa 30, sannan ka sa na'ura ta harba walƙiya. Lambar da ake kira Fv/Fm a lafiyayyen ganye wajen 0.83 take, kamar yadda Björkman da Demmig suka nuna a 1987 a tsirrai iri-iri. Awo ne mai sauri, amma jinkirin faɗuwa gare shi, yakan tsaya kusa da 0.8 har tsufa ya yi nisa. Ya fi amfani wajen gano ɓarnar zafi da kuma ƙarshen tsufa. Kada ka dogara da shi wajen neman farkonsa.

Idan fegi ya yi yawa

Mai gwada iri ɗaruruwa ba zai iya matse ganye ɗaya-ɗaya ba. Sai ya auna fegi dungurungum da ma'aunin NDVI, wanda ke kwatanta jan hasken da shuka ta mayar da hasken da ido ba ya gani na kusa da ja. Na'urar hannu irin GreenSeeker ana riƙe ta a tsayi guda bisa kan shuka, a bi layi da tafiya guda. Jirgi marar matuƙi mai kyamara ta musamman ma yana yi. Cikakkiyar gona kore takan ba da 0.7 zuwa sama, busasshiya ta sauko wajen 0.2. Ka cire ciyawa kafin awo, domin na'ura ba ta bambance koren ciyawa da na alkama, kuma ka tuna zangarniya da gashinta suna cikin abin da take gani.

Karanta abin da ka tara

Ka zana tarin zafi a kwance, awonka a tsaye. Layin yakan miƙe na ɗan lokaci, ya karyo, ya gangaro da sauri, ya kwanta. Abu huɗu za ka ciro: ƙololuwa, lokacin da aka rasa kashi 10 na ƙololuwar wanda shi ne farkon tsufa, lokacin da aka rasa rabi, da faɗin filin da ke ƙarƙashin layin. Idan ƙololuwar SPAD 50 ce, farkon tsufa shi ne inda layi ya ratsa 45, rabi kuma 25. Ka yi wa kowane fegi nasa zanen kafin ka haɗa matsakaici. Sai ka ɗora layin shan kabon a kan na kore, kowanne a matsayin kaso na ƙololuwarsa, ka ga tazarar da ke tsakaninsu.

Wannan tazara ita ke fallasa irin da ke riƙe kore na ado. Howard Thomas da Catherine Howarth, a 2000, sun rarraba jinkirin tsufa gida 5, kuma babban rabon shi ne tsakanin ganyen da ya zauna kore yana aiki, da wanda ya zauna kore don kawai ya kasa rushe kulorofil alhali injinsa ya mutu. Koren waken fis da Mendel, wanda ya kafa ilimin gadon halitta, ya yi gwajinsa da shi irin na biyun ne, an gano ƙwayar gadon a 2007. Na'urar SPAD ita kaɗai za ta yaba wa irin wannan, ta musayar iska ce ke tona shi.

Ko jinkirin na gaskiya ne, yana da farashi. A 2006 Cristobal Uauy da Jorge Dubcovsky da abokan aikinsu a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun bayyana ƙwayar gado mai suna NAM-B1, daga alkamar daji, wadda ke gaggauta tsufa kuma take ƙara furotin da zinki da sinadarin ƙarfe a ƙwaya. Da suka rage aikin wannan dangin ƙwayoyin gado, tsufa ya yi jinkiri fiye da mako 3, amma furotin da zinki da ƙarfe suka ragu da fiye da kashi 30.

Kafin ka yanke hukunci, ka koma ga abin da ka rubuta a gefen takarda kowane zuwa. Tsatsa tana barin gari ruwan goro ko rawaya a yatsa idan ka shafa ganye, cututtukan tabo suna zuwa ɗigo-ɗigo, tsufa kuwa daga baki yake tahowa a jere. Ƙarancin taki, kwanciyar ruwa da faɗuwar kara duk suna rawaita ganye. Idan tsufa kawai kake son aunawa, ka kare gonar da maganin fesawa tun kafin cuta ta kama, ka daidaita taki da ruwa a dukkan fegi.

Ka ci gaba da awo har wuyan zangarniya ya rasa korensa, alamar ƙwaya ta ƙosa ta daina karɓar abinci, ka rubuta ranar. Sannan ka yanke karan nan 10 masu zare, kowanne a takardarsa da lambarsa. Ka busar da su a digiri 70 har nauyi ya daina raguwa, ka ƙirga ƙwayar kowace zangarniya, ka auna nauyinta, ka aika ƙwaya da busasshen ganyen tuta a auna naitirojin ɗinsu. Ka jera waɗannan a layi ɗaya da lambar karan da ka ɗaura wa zare ranar fure.